Yadda masu ɗaga ƙarfe za su kare kafaɗunsu daga rauni

Da yamma bayan La'asar, a unguwanni da dama na Kano, Kaduna, Jos ko Maiduguri, akan ga matasa sun taru a wani kango ko a gefen filin ƙwallo suna ɗaga ƙarfe. Wasu na zuwa gidajen motsa jiki na kuɗi masu injina da manyan madubai. Wasu kuwa kayan aikinsu bai wuce bututun ƙarfe da aka soka a cikin gwangwanayen fenti biyu cike da siminti ba, ko tsofaffin ƙarafan mota da mai walda ya haɗa musu. Burin dai ɗaya ne: faɗin ƙirji, kaurin damtse da tudun kafaɗa.

Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne waɗanda ake daina gani a wurin saboda ciwon kafaɗa. Ciwon kan fara ne da 'yar suka a gaban kafaɗa duk lokacin da aka ture sanda daga ƙirji. Mutum ya daure ya ci gaba. Bayan 'yan watanni sai kwanciya a kan wannan gefen ta gagara, sa riga ya zama aiki, ɗauko kaya daga saman kanta ya koma abin fargaba. Ga tela, bakanike, birkila ko direba, lamarin ya wuce batun wasa, ya taɓa hanyar abinci.

Ɗaga ƙarfe a kansa ba abu ne mai yawan haɗari ba. Wani nazari da aka wallafa a shekarar 2017, wanda ya tattara bincike-binciken da aka yi a kan masu shiga gasar ɗaga nauyi, ya nuna cewa ana samun rauni ɗaya zuwa huɗu da ɗoriya a cikin kowace awa 1,000 ta atisaye. A ƙwallon ƙafa ta ƙwararru a Turai, adadin ya kai kusan takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta shawarci manya su riƙa yin atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Sai dai idan raunin ya zo, kafaɗa na cikin wuraren da ya fi faɗa wa. Wani bita da Morey Kolber da abokan aikinsa suka yi a Amurka a 2010 ya nuna cewa raunin kafaɗa kan kai kashi 36 cikin 100 na raunukan da aka rubuta daga irin wannan atisaye.

Yadda kafaɗa take

Babu gaɓar da ta kai kafaɗa sakewa a jikin ɗan Adam. Hannu na iya yin sama, ya yi gefe, ya kewaya baya, ya juya kamar fanka. Wannan sakewa tana da farashi.

A gaɓar ƙugu, kan ƙashin cinya na zaune ne a cikin rami mai zurfi, kamar taɓarya a cikin turmi. A kafaɗa kuwa, ramin da ke jikin allon kafaɗa ɗan fage ne marar zurfi, bai rufe fiye da kashi ɗaya bisa uku na kan ƙashin damtse ba. Zamansa ya fi kama da zaman tulu a kan gammo: yana bisa, amma sai da hannun da zai tallafe shi.

Aikin tallafen yana wuyan wasu ƙananan tsokoki huɗu ne da suka taso daga allon kafaɗa. Ɗaya ta bi ta sama, biyu ta baya, ɗaya ta gaba. Jijiyoyinsu masu tauri, waɗanda ke ɗaure tsoka da ƙashi, sun haɗu sun yi wa kan ƙashin damtse ƙawanya. Wannan ƙawanya ita ce ɗamarar kafaɗa, wadda a asibiti ake kira rotato kof. Duk lokacin da manyan tsokoki suka ja hannu sama ko suka ture nauyi, ɗamarar ce ke danne kan ƙashin a tsakiyar gurbinsa don kada ya zame.

Jijiyar tsokar sama ce ta fi samun matsala. Tana bi ne ta wani ɗan lungu da faɗinsa bai wuce kimanin santimita ɗaya ba, tsakanin kan ƙashin damtse da wani reshen allon kafaɗa da ya yi masa rumfa. Likitan tiyata na birnin Boston, Ernest Codman, ya keɓe mata babban kaso na littafin da ya wallafa a kan kafaɗa tun a 1934, kuma har yau ita ce ta fi yawan yagewa a cikin huɗun.

Akwai kuma wata ƙaramar gaɓa a can saman kafaɗa, inda ƙashin da ya miƙo daga ƙirji ya haɗu da wannan rumfa. Yawan turin benci na iya cinye bakin ƙashin a hankali, matsalar da ta zama ruwan dare a tsakanin masu wannan wasa har likitoci suka laƙaba mata suna kafaɗar mai ɗaga ƙarfe. Mai fama da ita kan nuna wurin ciwon da yatsa ɗaya, daidai tsinin kafaɗa.

Inda matsalar ke farawa

Mai ɗaga ƙarfe yakan fi ba da ƙarfi ga abin da yake gani a madubi: ƙirji, gaban kafaɗa da damtse. Ɗamarar kafaɗa da tsokokin da ke riƙe allon kafaɗa suna ɓoye ne a baya da can ciki, ba sa cika riga, don haka ba a damuwa da su. Binciken da Kolber ya yi a kan masu atisaye don nishaɗi ya gano haka: tsokokin da ke juya hannu ciki da masu ɗaga shi gefe sun yi ƙarfi sosai, masu juya shi waje kuma an bar su a baya. Ma'ana, ƙarfin turawa ya rinjayi ƙarfin riƙewa.

Abu na biyu shi ne gaggawa. A makonnin farko na atisaye, ƙarfin mutum kan ƙaru da sauri, domin ƙwaƙwalwa na koyon yadda za ta sa tsoka aiki da kyau. Jijiyar da ke ɗaure tsokar da ƙashi ba ta da wannan sauri. Jini kaɗan ne ke isa gare ta, kuma takan ɗauki watanni kafin ta yi taurin da zai dace da sabon nauyin. A wannan tsakanin ne matashi ke jin zai iya, abokai na zuga shi, ya ƙara faranti a kan sanda, alhali jijiyarsa ba ta shirya ba.

Mafi yawan raunin kafaɗa a wurin ɗaga ƙarfe irin wannan ne, mai taruwa kaɗan-kaɗan. Wanda ke zuwa farat ɗaya, kamar gocewar ƙashi ko tsinkewar jijiyar ƙirji, bai kai shi yawa ba, kuma shi ma sau da yawa yakan biyo bayan nauyin da ya fi ƙarfin mutum ko gajiyar da aka yi biris da ita.

Ciwo daban, yagewa daban

Da yawa idan kafaɗa ta fara ciwo sai hankalinsu ya tashi, su ɗauka jijiya ta yage. Wani bincike da aka yi a wani ƙauye a ƙasar Jafan, aka wallafa a 2013, ya duba kafaɗun mutum 664 da na'urar sikanin. An samu cikakkiyar yagewar ɗamarar kafaɗa a kashi 22 cikin 100, amma babu ko mutum ɗaya a cikinsu da bai kai shekara 50 ba. Adadin ya tashi daga kusan kashi 11 a tsakanin 'yan shekara hamsin da wani abu zuwa kusan kashi 37 a tsakanin 'yan tamanin. Abin lura kuma, kusan biyu bisa uku na masu yagewar ba sa jin ciwon komai.

Darasi biyu ke nan. Ga matashi, ciwon kafaɗa galibi alama ce ta jijiyar da aka ɗora wa aikin da ya fi ƙarfinta, ko gaɓar da ta yi sako-sako, kuma irin wannan yana jin gyaran atisaye. Ga wanda ya haura arba'in kuwa, jijiyar ta fara tsufa ko da bai sani ba, don haka nauyin da ya ɗaga yana ɗan ashirin da biyar ba ma'auninsa ba ne a yau.

Fahimtar likitoci ma ta sauya. A 1972, likitan ƙashi na Amurka Charles Neer ya bayyana cewa rumfar ƙashin nan ce ke gugar jijiyar, kuma aka shafe shekaru ana yin tiyatar kankare ta. Amma a 2018 mujallar Lancet ta wallafa sakamakon gwajin da aka yi a asibitoci 32 na Birtaniya a kan majinyata 313, inda aka ga cewa waɗanda aka kankare wa ƙashin ba su fi waɗanda aka leƙa gaɓar tasu kawai da kyamara samun sauƙi ba. Wani gwajin a ƙasar Finlan a shekarar ya zo da irin wannan sakamako. Shi ya sa a yau maganin farko na irin wannan ciwo shi ne daidaita nauyi da atisayen ƙarfafawa, wato kusan abubuwan da tun farko za su iya hana shi zuwa.

Atisayen da ke buƙatar gyara

Turin benci, inda mutum ke kwanciya rigingine ya sauko da sanda ƙirji ya ture ta sama, shi ne abin alfaharin kowane wurin ɗaga ƙarfe. Najeriya ta yi suna a kansa a gasar Olamfik ta masu buƙata ta musamman, inda Folashade Oluwafemiayo ta ture kilo 167 a Faris a 2024, ta kafa tarihin duniya. A wannan gasa, doka ta wajabta a sauko da sanda cikin natsuwa, a tsayar da ita cak a ƙirji, sannan a ture. Wanda ya doka ta a ƙirji don ta yi tsalle, ba a lissafa masa. Mai atisaye a unguwa na da abin koyi a nan.

Gyaran da ake so a turin benci huɗu ne. Na farko, kafin a ɗauko sanda, a matse allunan kafaɗa biyu su kusanci juna, a ja su ƙasa, a danna su a jikin benci, su zauna haka har a gama. Na biyu, kada tazarar hannuwa a kan sanda ta wuce faɗin kafaɗun mutum sau ɗaya da rabi. Na uku, kada a buɗe gwiwar hannu har ta yi layi ɗaya da kafaɗa. A bar ta ta ɗan kusanci haƙarƙari, sanda ta sauka a ƙasan ƙirji maimakon kusa da wuya. Na huɗu, babban yatsa ya kewaye sanda, kuma a samu mai tsayawa a bayan kai idan nauyin na da yawa. Jijiyar babbar tsokar ƙirji ta fi tsinkewa ne a daidai lokacin da sanda mai nauyi ke gab da taɓa ƙirji.

Atisayen da ake yi ta bayan wuya, ko tura sanda sama daga ƙeya ko jawo ta daga injin sama zuwa ƙeya, yana sa hannu ya buɗe gefe kuma ya juya baya a lokaci guda. A wannan yanayi ne gaban gaɓar ya fi rauni, kuma a cikinsa ne kafaɗa ta fi gocewa. Yin su ta gaban fuska na ba da amfani iri ɗaya ba tare da wannan kasada ba.

A ɗaga dambel gefe, a tsaya idan hannu ya kai tsayin kafaɗa, a kuma ɗan karkato da hannuwan gaba da kimanin digiri 30, domin ta nan allon kafaɗa ya fuskanta. Kada a juya babban yatsa ƙasa kamar mai tsiyaye buta. Haka ma jawo sanda daga cinya zuwa haɓa: a faɗaɗa riƙo, gwiwar hannu kuma kada ta haura kafaɗa. Wani binciken Kolber na 2014 ya samu alaƙa tsakanin alamun ciwon jijiyar kafaɗa da yin waɗannan atisaye biyu sama da tsayin kafaɗa.

A atisayen da ake dafa sanduna biyu a sauke jiki a tsakaninsu, a tsaya idan damtse ya kwanta daidai da ƙasa. Zarcewa ƙasa da haka na turo kan ƙashi gaba. A buɗa hannuwa da dambel a kan benci ma, kada gwiwar hannu ta nutse can ƙasa da benci.

Masu amfani da ƙarfen da aka haɗa a gida suna da ƙarin abin dubawa. Gwangwanaye biyu na siminti ba lalle nauyinsu ya zo ɗaya ba, kuma bambancin kilo biyu ya isa ya sa kafaɗa ɗaya ta riƙa ɗaukar fiye da rabonta kullum. A kai su sikeli a auna, a rubuta nauyin a jikinsu, a kuma tabbatar babu wanda ke girgiɗi a kan bututun. Sandar da ake amfani da ita a gasar ɗaga nauyi ta Olamfik nauyinta kilo 20 ne ga maza, 15 ga mata, kuma an san nauyin kowane faranti. Wanda bai san nawa yake ɗagawa ba, ba zai san nawa ya ƙara ba.

Horar da ƙananan tsokoki

Hujja mafi ƙarfi a kan rigakafin raunin kafaɗa ta fito ne daga wasan ƙwallon hannu. Cibiyar binciken raunin wasanni ta birnin Oslo a ƙasar Norwe ta yi gwaji a kan ƙungiyoyi 45 masu 'yan wasa 660. An bai wa kusan rabinsu wani ɗan tsarin ɗumama jiki sau uku a mako, mai ƙarfafa tsokokin juya hannu waje da na allon kafaɗa tare da sassauta gadon baya. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna raguwar matsalar kafaɗa da kashi 28 cikin 100. Wasan daban ne, amma tsokokin da ake nufi su ne dai waɗanda masu ɗaga ƙarfe ke mantawa da su.

Atisayen ba ya buƙatar kayan tsada. Na farko: a kwanta a gefe ɗaya, a naɗe ɗan tawul a sa tsakanin gwiwar hannun sama da haƙarƙari, a lanƙwasa gwiwar, a riƙe abu mai nauyin kilo ɗaya zuwa biyu, a ɗago shi daga ciki zuwa sama ba tare da gwiwar ta rabu da tawul ba, sannan a sauke a hankali. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi ta wadatar a farko. Mai ture kilo 80 a benci kan yi mamakin yadda wannan ɗan nauyi ke gajiyar da shi.

Na biyu: a ɗaure roba mai talewa a jikin ginshiƙi daidai tsayin fuska. Robar cikin taya da aka yanka ma tana yi, muddin ba ta fara tsagewa ba. A jawo bakunanta biyu zuwa gefen kunnuwa ana matse allunan kafaɗa. Na uku: a kwanta rub-da-ciki a kan benci, a ɗaga hannuwa biyu gefe, sannan a ɗaga su a karkace zuwa saman kai, manyan yatsu na kallon sama, da farko ba tare da nauyi ba. Na huɗu: a dafa ƙasa kamar mai turin ƙasa, idan hannuwa sun miƙe a ƙara tura ƙasan har gadon baya ya ɗan yi tozo. Wannan na ƙarfafa tsokar da ke manne allon kafaɗa da haƙarƙari.

Kowane ɗaya a yi shi sau 12 zuwa 15, zagaye biyu ko uku, kwana biyu ko uku a mako. Duka ba za su wuce minti goma zuwa sha biyar ba. Idan kafin babban atisaye za a yi su, a yi da sauƙi don ɗumama jiki kawai, a bar mai gajiyarwar sai ƙarshe, domin bai dace a shiga ƙarƙashin sanda mai nauyi da ɗamarar da ta riga ta gaji ba.

Sai kuma daidaito a jadawalin mako. Duk zagayen turawa ɗaya ya samu aƙalla zagayen jawowa ɗaya, kamar jawo nauyi zuwa ciki a sunkuye, ko rataya a jikin sanda ana ɗaga jiki. Wanda ke turin benci kwana uku a mako amma bayansa sai ya tuna, shi ne ya fi buƙatar wannan gyara.

Ƙarin nauyi da hutu

Kwalejin likitancin wasanni ta Amurka ta ba da ma'auni mai sauƙi: idan mutum ya kai yana iya ƙara sau ɗaya ko biyu a kan adadin da ya saba yi da wani nauyi, sai ya ƙara kashi 2 zuwa 10 cikin 100. Mai ture kilo 50, wato nauyin buhun siminti guda, ƙarin da ya dace da shi kilo ɗaya ne zuwa biyar, kuma a atisayen kafaɗa ƙaramin adadin ya fi. Haka kuma kada a ƙara nauyi, yawan zagaye da yawan kwanaki duka a mako ɗaya.

A bar aƙalla awa 48 kafin a sake matsa wa tsoka guda. A nan akwai abin da ke shige wa mutane duhu: ranar ƙirji da ranar kafaɗa da ranar bayan damtse duk aikin gaban kafaɗa ne. Wanda ya jera su kwana uku a jere, kafaɗarsa ba ta huta ba ko da sunan atisayen ya canza.

Ɗumama jiki ma wajibi ne, musamman da sanyin safiyar hunturu. Minti biyar zuwa goma na sassarfa ko tsallen igiya, sannan a fara da sanda zalla, a hau nauyi mataki-mataki kafin a kai ga na aiki. Wanda ya yi hutu kuwa, ko saboda azumin Ramadan, ko zazzaɓi, ko tafiya, kada ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Ya rage nauyin sosai, ya ɗauki makonni yana hawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Game da ciwo, likitocin fisiyo da dama na amfani da wannan ƙa'ida: ɗan ciwon da bai wuce uku a ma'aunin goma ba, wanda kuma ya lafa kafin washegari, ana iya ci gaba da shi. Wanda ya fi haka, ko mai suka, ko mai ƙaruwa daga mako zuwa mako, yana nufin a rage nauyi, a taƙaita nisan motsin, ko a sauya atisayen. Daina motsa hannun gaba ɗaya ba shi ne mafita ba, domin zaman banza na ƙara raunana jijiya kuma yana iya sandarar da gaɓar.

Magunguna da ke ƙara haɗari

Shan maganin kashe ciwo kafin atisaye, irin su diklofenak, ibufurofen ko tiramadol, yana toshe gargaɗin da jiki ke bayarwa ne kawai, lalacewar na ci gaba a ɓoye. Biyun farko kuma na iya cutar da ƙoda da tumbi idan aka yawaita, balle ga mai zubar da gumi a zafin bazara.

Allurai da ƙwayoyin ƙara girman tsoka, wato sitiroyid, sun fi haka muni. Wani bincike a Amurka da aka wallafa a 2015 ya kwatanta masu gina jiki 88 da suka daɗe suna amfani da su da wasu 54 da ba su taɓa ba. Kashi 22 cikin 100 na rukunin farko sun taɓa samun tsinkewar jijiya, a rukuni na biyu kuwa kashi 6 ne, kuma duk tsinkewar da ta faru a saman jiki a cikin masu amfani da sinadaran aka same ta. Wannan ƙari ne a kan illarsu ga zuciya, hanta da haihuwa.

Akwai kuma sifrofuloksasin da danginsa, maganin da ake yawan sha a ƙasar nan da sunan taifot. Tun a 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗi mafi tsanani a kwalinsa cewa yana iya jawo kumburi ko tsinkewar jijiya. Ya fi shafar agara, amma kafaɗa ma ba ta tsira ba, kuma haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60. Wanda likita ya rubuta wa shi ya sassauta ɗaga nauyi, idan kuma ya ji sabon ciwo a jijiya ya koma wurin likitan nan take. Shan taba da ciwon suga su ma suna raunana jijiyar kafaɗa kuma suna jinkirta warkewarta.

Lokacin zuwa asibiti

Akwai alamomin da ba a jira da su. Idan aka ji wani abu ya yi ƙara ko ya tsinke yayin ɗaga nauyi, sannan hannu ya ƙi ɗaguwa. Idan siffar kafaɗa ko ta ƙirji ta canza, ko jini ya kwanta a damtse da hammata. Idan hannu ya sage ko ya mutu. Ko gaɓar ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, a tafi asibiti a ranar. Jijiyar da ta tsinke farat ɗaya ta fi ɗinkuwa da kyau a makonnin farko, kafin ta ja da baya tsokar ta shanye. Ciwon kafaɗar hagu da ya zo tare da nauyin ƙirji, gumi ko sarƙewar numfashi kuwa na iya zama daga zuciya, kuma lamari ne na gaggawa.

Idan kafaɗa ta goce, kada abokan atisaye su ja hannun da sunan mayar da ita. Gocewa kan zo wani lokaci tare da karaya ko rauni a jijiyar saƙo, abin da sai an duba an ɗauki hoto ake ganewa. Ɗaurin da mai ɗori zai yi na makonni shi ma ba ya haɗa jijiyar da ta rabu da ƙashi, kuma yana iya barin kafaɗar a sandare.

Ciwon da ba na gaggawa ba, amma ya wuce mako biyu bai ragu ba duk da an rage nauyi, ko yana tayar da mutum daga barci, yana buƙatar ganin likita ko likitan fisiyo. Masu amosanin jini, wato sikila, su fi kowa saurin zuwa, domin ciwon kafaɗa a wurinsu na iya kasancewa daga yankewar jini ga kan ƙashin damtse. Asibitin ƙashi na Dala da ke Kano da asibitocin koyarwa na jami'o'i suna da sassan ƙashi da na fisiyo da ke duba irin waɗannan matsaloli.

Masu gidajen motsa jiki da manyan da ke koya wa na baya a unguwa suna da rawar takawa. Sabon shiga yakan kwaikwayi abin da ya tarar ne. Idan ya tarar ana auna ƙarfe, ana ɗumama jiki, ana jan roba kafin a hau benci, kuma ba a yi wa wanda ya rage nauyi dariya, haka zai tashi. Idan kuwa gasar wa ya fi wa ya tarar, ita zai shiga, kuma kafaɗarsa ce za ta biya kuɗin bayan 'yan watanni ko shekaru.